Faɗan daba: Abin da bincike ya nuna yana aiki, da abin da ya rage ga Ƙiru da Bebeji

A ƙarshen watan Fabrairun 2023, ana cikin tattara sakamakon zaɓen ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Tudun Wada da Doguwa, rikici ya ɓarke a garin Tudun Wadar Ɗankadai. An banka wa ofishin jam'iyyar NNPP wuta, an rasa rayuka, wasu kuma suka kwana a asibiti da raunuka. Bayan 'yan kwanaki 'yan sanda suka kama Alhassan Ado Doguwa, wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye na majalisar wakilai, suka gurfanar da shi a kotu. Ya musanta zargin, kuma a watan Mayun shekarar ma'aikatar shari'a ta Jihar Kano ta ce ba ta samu hujjar ci gaba da tuhumarsa ba.

Shari'ar manya ta cika shafukan jaridu har tsawon watanni. Waɗanda ba a waiwaya ba su ne samarin da suka cika titi a ranar, da gora da adda a hannu. Su wane ne? Ina suka koma bayan ƙura ta lafa? Kuma me zai hana a sake ganinsu a farkon 2027?

Mutane da dama na ɗaukar faɗan daba a matsayin cutar cikin birni, ta Ƙofar Mata da Yakasai da Ɗorayi da Sheka da Kurna. Amma daga Bebeji zuwa birnin Kano tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Da zarar an gama girbi, samari daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa sukan bi ta Kwanar Ɗangora su shiga birni ci-rani, wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu tuƙin adaidaita sahu. Mafi yawansu sukan dawo da ɗan abin da suka tara. Wasu kuwa sukan dawo da abin da ba a aike su nema ba. Hanyar da ke kai tumatir da shinkafa birni ita ce ke dawo da ƙwaya ƙauye. Sannan a Ƙiru ne jihar ta gina cibiyarta ta gyaran hali, ɗaya daga cikin cibiyoyin koyarwa da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa tsakanin 2011 da 2015. Don haka duk matakin da za a ɗauka kan daba a birni, ko ba daɗe ko ba jima sai ya biyo ta kudancin Kano.

Kame, tuba, sai kuma kame

Wanda ya daɗe yana sauraron gidajen rediyon Kano ya haddace yadda abin ke tafiya. A yi wani mummunan kisa ko ƙwacen waya ya yi yawa, jama'a su yi ca, 'yan sanda su yi samame, a yi holen matasa a Bompai da tarin wuƙaƙe da ɗan bida da sholisho a gabansu. Unguwa ta yi shiru na 'yan makonni, sannan a koma gidan jiya.

A 2023 kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Muhammad Usaini Gumel, ya gwada wata hanya. Ya gayyaci jagororin daba da sunayensu su zo su ajiye makamai, ɗaruruwa suka amsa, har aka buga wasan ƙwallo tsakanin tubabbun da 'yan sanda. Da aka horar da 50 daga cikinsu a matsayin 'yan sandan sa-kai, sai cece-kuce ya tashi a faɗin ƙasar. A 2025 rundunar ta ƙaddamar da Operation Kukan Kura ƙarƙashin kwamishina Ibrahim Adamu Bakori, ita kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fito da shirin Safe Corridor domin tantance tubabbun 'yan daba, a raba su da ƙwaya, a koya musu sana'a.

Babu wanda zai ce ba a yi ƙoƙari ba. Inda gizo ke saƙar shi ne irin alƙaluman da ake auna nasara da su. Abin da aka fi ji shi ne an kama mutum kaza, an ƙwace wuƙa kaza, mutum kaza sun tuba. Duk waɗannan lissafin aikin da hukuma ta yi ne, ba lissafin abin da ya faru da matashin ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: cikin waɗanda suka rantse sun tuba bara, nawa ne har yau ba su sake zare wuƙa ba, idan aka kwatanta su da takwarorinsu da ba su shiga shirin ba?

Wannan kwatancen shi ne ƙashin bayan duk wani bincike mai inganci a kan lamarin. Dalili kuwa shi ne wanda ya kawo kansa ya tuba, sau da yawa dama ya gaji, ko ya yi aure, ko shekaru sun fara ja masa birki. In ya shiryu, ba lallai shirin ne ya shiryar da shi ba. Shi ya sa masana suke amfani da ƙuri'a: a tara matasa masu hali iri ɗaya, ƙuri'a ta zaɓi waɗanda za su shiga shiri da waɗanda za su jira, a bi sawun kowa na tsawon lokaci. Bambancin da aka gani a ƙarshe, shi ne ainihin aikin shirin.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2015 kan rigakafin tashin hankalin matasa, ta ƙiyasta cewa ana kashe kusan mutum 200,000 'yan shekara 10 zuwa 29 a kowace shekara, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗanda ake kashewa maza ne. Akasarin binciken da aka yi kan maganin abin a Amurka da Turai aka yi shi. Sai dai wanda ya fi kowanne kama da halin da Kano ke ciki, a nan Afirka ta Yamma aka yi shi.

Darasin Monrobiya

Bayan yaƙin basasar Laberiya ya ƙare a 2003, titunan Monrobiya sun cika da samari marasa aikin yi, wasu tsoffin mayaƙa, suna kwana a kango da tasha, suna sayar da ƙwaya, suna yankan aljihu da fashi. Wata ƙungiya ta 'yan ƙasar mai suna NEPI, wadda tsoffin mayaƙa na cikin waɗanda suka kafa ta, ta tsara wani horo na mako takwas da ta kira STYL. Masu bincike uku, Christopher Blattman da Julian Jamison da Margaret Sheridan, suka haɗa kai da ita suka gwada shirin a kan mutum 999 'yan shekara 18 zuwa 35. Ba masu neman shiriya aka jira su zo ba. Ma'aikatan ne suka shiga maɓoyarsu suka nemo waɗanda aka fi tsoro.

Ƙuri'a ta raba su gida huɗu. Kashi ɗaya aka ba su horon kaɗai. Kashi na biyu aka ba kowa dala 200 a hannu ba tare da wani sharaɗi ba. Kashi na uku suka samu horon, sannan kuɗin ya biyo baya. Na huɗu ba a ba su komai ba.

Horon ba wa'azi ba ne, kuma ba koyon sana'a ba ne. Ana zama ne rukuni-rukuni na kusan mutum 20, sau uku a mako. Ana koya wa mutum ya gane alamun fushi a jikinsa tun kafin ya fi ƙarfinsa, ya ja numfashi, ya bar wurin, ya tambayi kansa ko abin da ya ɗauka raini ne da gaske raini ne. Ana kwaikwayon faɗa a cikin aji, a tsaya a tsakiya, a sake shi ta wata hanya, a maimaita har ya zama jiki. Ana sa su yi aski, su sa tufafi masu tsabta, su shiga banki ko babban kanti su ga yadda ake karɓarsu in sun zo a kamalarsu. Ana koya musu tsara abin da za su yi gobe da jibi, da ajiye ɗan kuɗi. Masu koyarwar kuma ba likitocin ƙwaƙwalwa ba ne. Galibinsu tsoffin 'yan titi ne da suka bi ta cikin shirin, waɗanda ɗalibi ba zai iya ce musu ba su san wahala ba.

A makonnin farko, da masu horo da masu kuɗi duk sun rage aikata laifi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne waɗanda aka ba kuɗin ba su ƙarar da shi a ƙwaya ba; mafi yawa sun sayi abinci da sutura, sun kama ɗaki, sun fara 'yar tireda. Amma bayan shekara ɗaya jarin ya narke, wasu ma sace musu kayan aka yi, suka koma ruwa. Tasirin horo kaɗai shi ma ya ragu. Waɗanda suka samu horo da kuɗi tare, su ne suka tsaya da ƙafafunsu. Da masu binciken suka sake nemo mutanen bayan shekara goma, sai suka tarar waɗannan sun rage sata da fashi da sayar da ƙwaya da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba komai ba. Kuɗin da aka kashe a kan kowane mutum, har da dala 200 ɗin, kusan dala 530 ne.

Akwai wani abu a sakamakon da ya kamata masu tsara shirye-shirye a Kano su tsaya a kansa. Kuɗin bai sa mutanen sun yi arziki ba. Bayan shekara goma samunsu bai fi na sauran ba. Fassarar masu binciken ita ce kuɗin ya saya musu lokaci ne: 'yan watanni da yunwa ba ta tilasta musu komawa tsohuwar hanya ba, har sabuwar ɗabi'ar ta kama ƙasa. Ke nan jari ba tare da gyaran tunani ba kamar zuba ruwa a kwando ne, gyaran tunani kuma ba tare da abin sawa a baki ba, da wuya ya kai shekara.

Binciken yana da rauninsa. Yawancin bayanan daga bakin mutanen aka ji su, ko da yake masu binciken sun tura ma'aikata sun zauna da wasu daga cikinsu na kwanaki domin tabbatar da abin da suka faɗa. Amma irin wannan horon ya nuna tasiri a wani wuri mai nisa da Monrobiya. A birnin Chicago na Amurka, shirin Becoming a Man da ake yi wa yara maza a makarantun unguwannin talakawa ya rage kama su da laifin tashin hankali da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 a lokacin da suke cikin shirin. Tasirin kan laifi ya dusashe bayan an gama, amma waɗanda suka kammala sakandare a cikinsu sun ƙaru.

Sana'a kaɗai ta isa?

Amsar da aka fi ji a Kano idan aka tambayi maganin daba ita ce a ba matasa aikin yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake zato ba. A Chicago an gwada ba matasa 1,634 damar aikin hutun bazara na mako takwas ta hanyar ƙuri'a a 2012. Cikin wata 16 da suka biyo baya, kama waɗanda suka samu aikin da laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100, kuma yawancin raguwar ta zo ne bayan aikin ya ƙare. Wato ba shagaltar da su ne kawai ya yi aiki ba. Akwai abin da suka koya na zama ƙarƙashin babba da haɗiye fushi a wurin aiki.

Wanda ya fi dacewa da kudancin Kano shi ne wani gwajin da aka yi a karkarar Laberiya, inda aka koya wa tsoffin mayaƙa noma da kiwo na 'yan watanni, aka haɗa musu da nasiha da kayan fara aiki. Ana cikin bin sawunsu sai rikici ya ɓarke a maƙwabciyarsu Kodibuwa a ƙarshen 2010, dillalan yaƙi suka shigo neman sojojin haya. Waɗanda suka samu horon sun fi sauran ƙin sauraron dillalan. Waɗanda suka fi kowa ƙi kuwa su ne waɗanda ba a riga an ba su nasu kason ba, suna jiran sa, kuma sun san in suka bar gari sun rasa.

Bebeji ba ta rasa abin da za ta gina irin wannan a kai ba. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako yana cikinta, shi ne ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Ga Bagauda, ga kamun kifi. Abin da binciken ke nunawa shi ne yadda ake raba tallafi ya kai yawan tallafin muhimmanci. Injin ban-ruwa da aka miƙa wa saurayi a gaban kyamara ranar bikin yaye ɗalibai, ba abin mamaki ba ne a gan shi a kasuwa kafin mako ya zagayo. Wanda aka ce masa taki na nan tafe bayan wata biyu, kuɗin fetur bayan wata huɗu, muddin ba a ji sunansa a wani rikici ba, yana da abin da zai yi asara.

Abin da aka gwada bai yi ba

Wasu hanyoyin da suka fi kwanta wa jama'a a rai su ne bincike ya fi kunyatawa. A Amurka an daɗe ana kai yara masu ƙiriniya gidan yari domin fursunoni su tsorata su. Da aka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi kan wannan dabara, sai aka ga yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Arewa ta ga nata salon na gyara da azaba. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sasari a ƙafa da tabon duka, kuma a makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, don ba su da wani wurin kaiwa.

Wani tsohon bincike yana da gargaɗi na musamman ga cibiya irin ta Ƙiru. A ƙarshen shekarun 1930 an fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka, inda aka haɗa yara maza da masu ba su shawara, ana kai wasu sansanin hutu. Bayan shekara 30 Joan McCord ta bi sawunsu, ta tarar waɗanda aka taimaka ɗin sun fi sauran shiga matsala, musamman waɗanda aka riƙa tarawa a sansani sau da yawa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne idan aka tara masu hali iri ɗaya wuri guda babu tsayayyen tsari, junansu suke koya wa. Ƙaramin mai shan sholisho daga ƙauye ya kwana ɗaki ɗaya da gogaggen ɗan daba na wata shida, ba sai an faɗi wanda zai zama malamin wani ba.

Wannan ba hujjar rufe cibiyar ba ce. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Jihar Kano, sama da mutum miliyan ɗaya, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Jihar da ke da wannan adadi tana buƙatar wurin jinya fiye da ɗaya. Amma katanga da gadaje da fenti ba su ne gyaran hali ba. Abin dubawa shi ne me ake koyarwa daga safe zuwa yamma, wa ke koyarwa, an raba yara da manya, kuma wa zai ziyarci saurayin a gidansu wata uku bayan an sallame shi. Shirin Monrobiya ko ɗakin kwana ba shi da shi. A unguwannin mutanen aka yi shi.

Tura sojoji unguwa ma an gwada shi da ƙuri'a a birnin Cali na Kolombiya a 2019. Laifi bai ragu ba a wuraren da suka yi sintiri, kuma an samu alamun ƙaruwar cin zarafin jama'a. Haka tarukan sada zumunci tsakanin 'yan sanda da al'umma: wani babban gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi a Brazil da Kolombiya da Laberiya da Pakistan da Filifin da Uganda, bai ga raguwar laifi ko ƙaruwar yarda da 'yan sanda ba. Cikin dalilan da masu binciken suka bayar har da yawan sauya wa jami'ai wurin aiki. Kano ta san wannan. Daga Gumel zuwa Salman Dogo Garba zuwa Bakori, kwamishina uku ke nan cikin kusan shekara biyu, kuma amanar da ɗan daba ya ba mutum ɗaya ba a miƙa ta a takardar barin aiki.

Mutane kaɗan, wurare kaɗan, ranaku sanannu

Abin da kusan duk binciken ya haɗu a kai shi ne tashin hankali ba ya bazuwa daidai wa daida. A Boston, a tsakiyar shekarun 1990, an gano cewa 'yan ƙungiyoyin daba ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na matasan birnin ba, amma suna da hannu a akalla kashi 60 na kisan matasa. Sai aka riƙa kiran su zama ido da ido, ga 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, ga limaman coci da iyayen waɗanda aka kashe. Saƙon guda biyu ne: duk ƙungiyar da ta sake kisa, hukuma za ta sauka a kan dukkan 'ya'yanta, wanda kuma yake son fita ga hanya a buɗe yau. Kisan matasa ya ragu da kashi 63 cikin 100 bayan fara shirin a 1996. Ba da ƙuri'a aka yi wannan ba, kuma laifi na raguwa a duk Amurka a lokacin, don haka ana jayayya kan adadin. Amma da aka yi sakaci da shirin bayan 2000, kisan ya sake hawa.

Glasgow ta Scotland, inda makamin wuƙa ne kamar Kano, ta ari wannan dabara bayan kafa sashen rage tashin hankali a 2005. Kisan kai a Scotland ya sauko daga 137 a shekarar 2004 zuwa 2005, ya koma kusan 60 bayan shekara goma. Gayyatar da Gumel ya yi ta yi kama da rabin wannan tsari. Rabin da ya fi wuya shi ne cika alkawari ta ɓangarorin biyu, shekara da shekaru: hukunci ya tabbata ga wanda ya karya, ko yaron wane ne, taimako kuma ya iso ga wanda ya riƙe.

Sanin wuraren ma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Wani likitan tiyata a Cardiff, Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga raunukan faɗa da yake ɗinkewa 'yan sanda ba su da labarinsu. Sai asibiti ya fara rubuta wuri da lokaci da irin makami, ba tare da sunan majinyaci ba, yana miƙa wa 'yan sanda da hukumar birni duk wata. Binciken 2011 ya nuna kwantar da mutane a asibiti saboda faɗa ya ragu da kashi 42 cikin 100 idan aka kwatanta da birane makamantansa. Littafi ɗaya a sashen ba da agajin gaggawa na Asibitin Murtala, wani a manyan asibitocin Tudun Wada da Bebeji, zai nuna wace kwana ce, wace rana ce, ƙarfe nawa. Sharaɗin shi ne a cire suna, in ba haka ba mai rauni zai gwammace ya je kemis a ɗinke shi a ɓoye.

Magajin garin Cali, Rodrigo Guerrero, wanda likitan annoba ne, da irin wannan lissafi ya gano a farkon shekarun 1990 cewa kisa ya fi yawa a ƙarshen makon da aka biya albashi da ranakun biki da na zaɓe. Aka hana yawo da bindiga a waɗannan ranaku kaɗai, kisa ya ragu da kashi 14 cikin 100 a lokutan hanin. Daba ma tana da kalandarta: hawan Sallah, tashe, kiɗan gangi, kilisa, gangamin siyasa. Hana tashe baki ɗaya, kamar yadda 'yan sandan Kano suka yi a 'yan shekarun nan, hukunta dubban yara ne saboda laifin 'yan tsiraru, alhali binciken makami a sanannun mahaɗu a waɗannan darare zai fi kusa da abin da Cali ta yi. Ko fitila tana da tasiri: gwajin da aka yi a rukunin gidajen talakawa na New York a 2016 ya nuna manyan laifukan dare a waje sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100 inda aka ƙara haske. Fitilun sola na ayyukan mazaɓu sun yawaita a garuruwan kudancin Kano. Ko suna lungun da ake tare mutane ko suna ƙofar gidan jagoran jam'iyya, mazauna kowane gari sun fi kowa sani.

Mai sayen hajar

Akwai abu ɗaya da Boston da Glasgow ba su yi fama da shi ba, wanda kuma shi ne ya ƙone ofis a Tudun Wada. A can babu mai biyan ɗan daba domin ya ci zaɓe. A Kano kuwa alaƙar ta girmi 'yancin kai, tun 'yan bangar zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950. Masana irin su Abdulkarim Ɗan'asabe da Y. Z. Ya'u sun rubuta yadda daba ta tashi daga al'adar farauta da tauri da kare martabar unguwa, ta rikiɗe bayan matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ta zama hanyar cin abinci. Abin da aka gani a mazaɓar Gama a zaɓen cike-giɓi na watan Maris ɗin 2019 ya nuna kasuwar ba ta mutu ba.

Horon mako takwas zai iya koya wa saurayi haɗiye fushi. Ba zai hana mota tsayawa a bakin majalisarsu da daddare da buhun kuɗi da ƙwaya ba. Tun a watan Disambar 2008 kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifukan zaɓe, kuma aka yi zaɓuka huɗu bayan nan ba tare da ita ba. Yaron da aka kama da adda yakan kwana a Kurmawa. Wanda ya saya masa addar ba kasafai ake jin sunansa a kotu ba.

Abin da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi shi ne su sa tayin ɗan siyasa ya yi wa saurayi tsada, kamar yadda jiran kaso ya sa tsoffin mayaƙan Laberiya suka juya wa dillalan Kodibuwa baya. Idan tallafin tubabbun Safe Corridor da na waɗanda za su fito daga Ƙiru ya zama kashi-kashi, kaso mafi tsoka ya faɗo bayan an gama zaɓe, da sharaɗin ba a ga mutum a wani rikici ba, to mai unguwa da dagaci da limami suna da abin da za su riƙe shi da shi. Lokacin ma ya dace: noman rani a Tiga da Kadawa yakan kankama ne daga Nuwamba zuwa Maris, watannin da yaƙin neman zaɓen 2027 da ranakun jefa ƙuri'a za su faɗo a ciki.